A Bar wa Mutanen Ƙauye Labarin Kogonsu

Duk ƙarshen watan Oktoba sai wani ɗan bidiyo ya sake zagayowa a intanet. Rami ne a gindin wata bishiyar ƙaya, a bakin wata 'yar hanyar gona a ƙasar Ayalan. An ɗora masa kiɗan tsoro, an rubuta da manyan baƙaƙe wai ga ƙofar jahannama. Bana har zauren WhatsApp ɗinmu aka turo shi, nan take kuwa jama'a suka rabu biyu. Wasu na ta dariya, ashe Turawan da ake ce mana sun waye su ma suna da camfi. Wasu kuma na ta a'uzu billahi, suna cewa a goge.

Masu dariya da masu neman tsari duk ban ga laifinsu sosai ba, abin da aka nuna musu suka gani. Wanda ya haɗa bidiyon shi ya ɓata min rai.

Matsayina shi ne, labaran da mutanen karkarar Ayalan ke bayarwa game da kogwanninsu abin riƙewa ne, kuma a riƙe su yadda masu su suka faɗa, a inda suka faɗa. Mai cewa a watsar da su don ƙarya ne ya yi kuskure. Amma wanda ya fi shi ɓarna shi ne mai tsamo kalma ɗaya tak mai razanarwa ya kai kasuwa, ya bar sauran labarin da masu labarin a baya.

Ramin da ake ta magana a kai

Sunansa Oweynagat, Kogon Kyanwoyi, yana Rathcroghan kusa da ƙauyen Tulsk a gundumar Roscommon. Bakinsa ko ƙugun mutum bai kai ba. Mai son shiga sai ya zauna ya ja jiki cikin taɓo, kayansa kuwa sun gama yawo a ranar. Mashigar ginin hannu ce, duwatsu aka jera aka rufe da falalen dutse, irin ramukan da mutanen da ke ginawa a ƙarƙashin gidajensu don ajiya ko ɓuya. Daga nan sai a karkata a gangara cikin tsagar dutse ta halitta, doguwa ta sama, matsattsiya ta gefe. Tsawonta wajen mita 37 ne. Shi ke nan fa.

In ka kwanta rigingine a mashigar ka haska fitila sama, za ka ga zane-zane a gefen wani dutse. Tsohon rubutun ƙasar ne da ake kira ogham, masana sun karanta shi da cewa Fraech ɗan Medb. Medb ɗin nan ita ce sarauniyar Connacht, wato lardin yammacin Ayalan, ta cikin tsofaffin labarai, wadda aka ce fadarta a nan take. A kewayen wurin akwai kufai da tuddai da kaburbura fiye da 240, kuma yau shanu ne ke kiwo a kansu, don duk gonakin mutane ne.

To me aka ce yana fitowa daga ramin? Wani dodo mai kai uku da ya addabi ƙasar. Wasu jajayen tsuntsaye da numfashinsu ke ƙona ganye. Kyanwoyi uku da aka sako wa jarumai da dare don a gwada zuciyarsu. Sai aladun da na fi so, waɗanda ba sa ƙirguwa: in aka taru a ƙirga su, wannan ya ce uku, wancan ya ce bakwai, wani ya rantse goma sha ɗaya ne, kuma duk inda suka taka sai a yi shekara bakwai ba hatsi ba ciyawa. Wai ɗaya ya tsallake keken dokin Medb, ta cafke ƙafarsa, ya sulale ya bar mata fata a hannu.

Waccan magana ta ƙofar jahannama jimla ɗaya ce da wani marubuci Kirista na zamanin da ya jefa a cikin labarin aladun nan. A sauran labaran, abin da ke bayan ramin wata duniya ce mai gidaje da sarki da shanu da aure. Wani jarumi mai suna Nera ya shiga a daren Samhain, wato daren shigowar hunturu, aka ba shi mata a can, ya fito da furannin bazara a hannu alhali duniyarmu na cikin sanyi, don mutanensa su gaskata shi. Wutar azaba da ake zuwa a yi aure a tsinko fure, ni dai ban taɓa jin irinta ba.

"Ai ƙarya ce"

E, ƙarya ce. Mutanen yankin suna da labarin wata mata da ɗan maraƙinta ya kufce ya faɗa ramin, ta riƙe wutsiyarsa ta ƙi saki, ya yi ta janta cikin duhu har suka ɓulla a kogwannin Keshcorran, can gundumar Sligo. Manomin da ke ba da wannan labari ya shiga ramin tun yana yaro, ya san inda ya ƙare. Babu wanda ya fi shi sanin mita 37 ba za ta kai ka Sligo ba.

Tambayar da ta fi amfani ita ce, wane aiki ƙaryar ke yi?

Duba labarin Nera tun daga farkonsa. Sarki ya sa kyautar takobi ga duk wanda zai je da dare ya ɗaura wa wani rataye tsumagiya a ƙafa. Nera ya je, gawar ta yi magana, ta ce ƙishirwa take ji, ya goya ta zuwa neman ruwa. Gidan farko suka tarar wuta ta kewaye shi, ba shiga, domin mutanen gidan sun rufe wutar murhunsu kafin su kwanta. Na biyu ruwa ya kewaye shi, domin sun zubar da ruwan wanka da na wanke-wanke. Na uku an bar ƙazamin ruwa ya kwana a ɗaki. Gawar ta sha, ta fesa ragowar a fuskar masu barci, suka mutu. Labarin da kansa ya ƙara da cewa shi ya sa ba a barin irin wannan ruwa ya kwana. A gidan jinka mai murhu a tsakiya, yaron da aka ba wa wannan labari ba sai an sake tuna masa ya rufe wuta ba.

Haka labarin mai busa da ake bayarwa a wurare da dama a Ayalan da Sukotlan. Ya shiga kogo yana busa don ya gano ƙarshensa, jama'a na bin sautin ta saman ƙasa, har sautin ya ɗauke, ba a sake ganinsa ba. Yammacin Ayalan ƙasar farar ƙasa ce, ruwa ya rarake cikinta, ramin da yake a bushe da safe na iya cika maƙil in an yi ruwan sama a kan tudu. Uwar da ba ta da kalmar da za ta bayyana wannan tana da mai busa.

Wani lokaci kuma labarin ba gargaɗi yake ɗauke da shi ba, gawa ce ta gaske. Kogon Dunmore a gundumar Kilkenny, tsofaffin rubuce-rubucen ƙasar sun lissafa shi cikin wurare uku mafi duhu a Ayalan, aka kuma ce wata ƙatuwar dodon kyanwa ta zauna a ciki. Kundin tarihin ƙasar ya ce a shekarar 928 mayaƙan Viking, mahara 'yan arewacin Turai da suka zauna a Dublin, sun afka wa wurin suka kashe mutum dubu. An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin ƙarin gishirin marubuta. A binciken 1973 aka tattara ƙasusuwan mutum aƙalla 44, yawancinsu mata da yara. A 1999 wani ma'aikacin wurin ya ci karo da kayan azurfa da tagulla guda 43 a cikin wata tsaga. Masana har yau suna jayayya, ko ƙasusuwan na waɗanda aka kashe ne, ko wurin binne matattu ne. Amma tsoron da mutanen kewaye suka shekara ɗaruruwa suna yi wa bakin ramin nan, ruwa ba ya tsami banza.

"To addini fa?"

Wannan ba zan daɗe a kansa ba, don waɗanda suka fi mu kusa da matsalar sun riga sun warware ta. Malaman coci ne suka rubuta kusan duk waɗannan labarai, a gidajen ibada, a kan fatar maraƙi mai tsada. Wanda ya kwafi babban labarin yaƙin Medb a wani kundi na ƙarni na 12, da ya kai ƙarshe sai ya ƙara 'yan layuka da Latin. Ya ce shi da ya rubuta wannan labari, ko ma dai tatsuniya, bai gaskata wasu abubuwan da ke ciki ba: wasu ruɗin shaiɗanu ne, wasu ƙagen mawaƙa, wasu na kama da gaskiya, wasu ba sa kama, wasu kuma don nishaɗin wawaye. Ya faɗi haka, amma bai ƙona takardun ba.

Mu ma kakanninmu mata da suka yi mana gatanan gatananku da dare, su ne suka tashe mu sallar asuba, kuma kowace tana rufewa da ba don gizo ba da na yi ƙarya. Bayar da labari daban, yin imani da shi daban. Wanda aka ga yana kai wa rami hadaya, wannan a yi masa wa'azi.

"Camfi yana kisa"

Wannan ce hujja mai nauyi, kuma ba zan yi kamar na fi ƙarfinta ba.

A watan Maris na 1895, a wani ƙauye na gundumar Tipperary, wata matashiya mai ɗinki da sayar da ƙwai, Bridget Cleary, ta kwanta rashin lafiya. Mijinta Michael ya ƙudurta a ransa cewa mutanen ɓoye sun ɗauke matarsa ta gaskiya sun ajiye masa tasu a madadinta. Aka ɗura mata jiƙe-jiƙe da ƙarfi, aka riƙe ta a kan murhu ana tambayarta ko ita ce, a gaban danginta. Daga ƙarshe ya zuba mata kananzir ya ƙona ta. Bayan haka ya riƙa zuwa wani tsohon kufai da ke kan tudu da dare, yana jiran matarsa ta fito a kan farin doki. Kotu ta yanke masa shekara 20, aka ɗaure wasu daga cikin dangin su ma.

Duk mai son waɗannan labarai, irina, dole ya haɗiye wannan. Irin kufan da zan yabi tsoronsa nan gaba kaɗan, shi ne dai kufan da mutumin nan ya je yana jira.

Abin da zan iya cewa kawai shi ne, dubban gidaje a Ayalan sun san labarin musanyar mutanen ɓoye, ba su ƙona kowa ba. A nan labari ya faɗa hannun mutum mai zafin rai, a gida mai rikici, a kan macen da ke da sana'arta da kuɗinta. Maganin irin wannan likita ne da alƙali da maƙwabcin da zai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce kai, bari. Hana yara jin labarin alade marar ƙirguwa ba zai ceci ko mace ɗaya ba. Amma na yarda da iyaka guda: ranar da labari ya tashi daga kan dutse ya sauka a kan jikin mutum mai rai, ya zama laifi, ba al'ada ba.

A kan dutse kuwa, tsoron ya yi gadi. Karkarar Ayalan cike take da kufan gidajen da, masu kewayen ganuwar ƙasa, dubbai a kan dubbai, da yawansu da ramukan ƙarƙashin ƙasa waɗanda mutanen ƙauye ke kira kogo kai tsaye. Manomi zai yi huɗa ya kewaye, ba zai sare ko reshe ba, don wurin na waɗanda ba a kama sunansu ne, sai dai a ce "mutanen kirki". Babu wata dokar kare kayan tarihi a yawancin waɗannan ƙarnuka. Da manyan injinan noma suka zo a ƙarni na 20, tsoron kuma ya yi sanyi, an baje da yawa cikin 'yan shekaru. Shi kansa Oweynagat, hanyar da aka yanka a shekarun 1930 ta cinye wani ɓangare na mashigarsa. A 1999 kuwa, da za a yi babban titi a Latoon ta gundumar Clare, wani mai ba da labarai, Eddie Lenihan, ya tayar da magana a kan wata bishiyar ƙaya da aka ce matattarar mutanen ɓoye ce. Jaridun duniya suka ɗauka suna murmushi. Titin dai an yi shi, bishiyar kuma an bar ta a tsaye.

"Masana sun wadatar"

Akwai abin da masana kaɗai za su iya. A 1903 aka tono ƙashin gwiwar wata dabbar beya a wani kogo na gundumar Clare, aka jefa a akwati a gidan tarihi na ƙasa, ya yi shekaru da dama a nan. A 2016 Marion Dowd da Ruth Carden suka bayyana cewa akwai shaidar yankan wuƙar dutse a jikinsa, kuma ya kai shekara 12,500. Wannan ƙashi ɗaya ya mayar da tarihin zuwan mutum Ayalan baya da shekara 2,500. Babu tsohuwar da ta san wannan, babu tatsuniyar da ta kai can.

Amma masani sai an nuna masa rami kafin ya tona. Kogon Aillwee da yanzu motocin 'yan yawon buɗe ido ke layi a gabansa, wani makiyayi ne ya gano shi a shekarun 1940 yana bin karensa, ya ja bakinsa ya yi shiru har 1973. Kogon Tormore a duwatsun Sligo, a nan mutum 34 daga ɓangaren da ya ƙi yarjejeniya da Ingila suka ɓuya na kusan mako shida a yaƙin basasar 1922, bayan an harbe 'yan uwansu shida a kan dutsen Benbulben. Sojojin gwamnati ba su gano su ba, domin mutanen kwarin sun sani sun kuma rufa asiri. Sai a 2022 masana suka tona wurin, kuma abin da iyalai suka riƙe a ka ne ya ba su ma'anar tarkacen da suka samu.

Gwamnatin Ayalan ta fahimci wannan da wuri, kuma a nan na cire mata hula. A 1935 ta kafa hukumar tattara al'adun baka. Daga 1937 zuwa farkon 1939 aka sa yaran firamare fiye da 50,000, daga makarantu kusan 5,000, su koma gida su tambayi kakanni da maƙwabta, su rubuta. Aka samu shafuka wajen 740,000. Yau suna jami'ar UCD a Dublin, an kuma ɗora su a intanet, kowa na iya gani da rubutun hannun yaran, har da inda tawada ta ɗiga.

Abin da ya fi burge ni a aikin ƙarami ne. An ce kowane yaro ya rubuta sunan wanda ya ba shi labarin, da garinsu, sau da yawa har da shekarunsa da sana'arsa. Saboda haka labarin tukunyar zinariya da aka yi mafarkinta dare uku a jere, aka je tono, wani baƙin sa ya fito ya kori masu tonon, ba ya yawo a iska. Na gonar wane ne, wane ya faɗa, a shekara kaza. Ƙauye biyu na iya ba da shi iri biyu, an bar kowa da nasa, ba a daidaita ba.

Abin dariya, namu tatsuniyoyin ma sun taɓa bi ta tsibirin nan. Manyan littattafai uku na tatsuniyoyin Hausa da Frank Edgar ya tattara, a Belfast aka buga su tsakanin 1911 da 1913. Allah ya saka wa malaman da suka rubuta masa. Sai dai jami'in mulkin mallaka ne ya aika a tattaro, su kuwa mutanen Ayalan jikoki suka aika wurin kakanninsu.

"Bari mutanen ƙauye su ci abinci mana"

Masu wannan magana suna da gaskiya rabi. Roscommon yanki ne da matasa suka daɗe suna barinsa zuwa Dublin da Ingila da Amurka. In kalmar jahannama za ta kawo mota cike da baƙi su sha shayi a Tulsk su kwana, wa zai ce a'a? Cibiyar baƙi da ke ƙauyen ma mutanen gari ne ke tafiyar da ita, su ke kai mutane ramin, kuma suna ba da labarin da cikarsa. Ba da su nake ba.

Da masu sayarwa daga nesa nake, kuma Ayalan ta taɓa ganin ƙarshen irin wannan ciniki.

A tafkin Derg na gundumar Donegal akwai wani ɗan tsibiri da aka ce an nuna wa Waliyyi Patrick, babban waliyyin Kiristocin Ayalan, wani rami a cikinsa, wanda duk ya kwana a ciki zai ga azabar lahira da idonsa. Wani ɗan coci a Ingila ya rubuta labarin wani barde da ya shiga, a ƙarshen ƙarni na 12, labarin ya bazu a Turai kamar wutar daji. Manyan mutane suka riƙa tahowa, wani daga Hungary a 1353, wani daga Kataloniya a 1397. Ana kulle mutum a ramin yini da kwana. To, wajen ƙarshen ƙarni na 15 wani ɗan coci daga Holan ya zo. Labarin da aka rubuta ya ce duk ƙofar da ya bi sai an nemi kuɗi, ya shiga ramin ya kwana bai ga komai ba, ya wuce Roma ya kai ƙara. A 1497 aka rushe ramin da umarnin Paparoma Alexander na shida. Mutane suka dawo, hukumomin Ingila suka sake rushe wurin a 1632, kafin ƙarshen ƙarni na 18 an toshe ramin gaba ɗaya.

Abin lura, ziyarar ba ta mutu ba. Har yau duk bazara mutane na zuwa tsibirin su yi kwana uku ba takalmi, da azumi, da raya dare guda ba runtsawa. Abin da talakawan ƙasar ke zuwa yi ya ɗore. Abin da aka yi wa baƙi talla, wato zo ka ga wuta da idonka, shi ne ya jawo gatari.

Yanzu tallar ita ce Oweynagat mahaifar bikin Halowin, bikin tsoratarwa na daren ƙarshen Oktoba da aka ce daga Samhain ya samo asali. Wani tudu kusa da Athboy a gundumar Meath shi ma ana yi masa wannan kirari, har hukumar yawon buɗe ido ta ƙasa ta ƙirƙiro biki a can tun 2019. Gaskiyar ita ce Samhain lokaci ne da dukan ƙasar ta sani, lokacin da ake sauko da shanu daga tudu, an gama girbi, dare ya fara tsawo. Ba a haife shi a rami ɗaya ba. Ramin dai yana da tsofaffin labarai masu ƙarfi da suka faru a wannan dare, wannan kuwa ya isa abin alfahari ba sai an ƙara masa ba.

Ɓarnar tallar iri biyu ce. Ta farko a kan labarin: baƙon da aka yi wa alkawarin jahannama ya zo ya tarar da taɓo mita 37, zai koma yana cewa an yaudare shi, bai ji labarin Nera ba, bai ɗaga kai ya ga rubutun da ke saman kansa ba. Yaron garin kuma da ya tashi yana jin sigar intanet sau ɗari, ta kakarsa sau ɗaya, wacce zai ba nasa 'ya'yan? Ta biyu a kan dutsen kansa. Ramin ƙarami ne, rubutun ogham na daidai inda kai da jakar baya ke gogawa. Ko Douglas Hyde, wanda ya zama shugaban ƙasar na farko a 1938, masanin al'adun baka ne na gaske, amma sai da ya sassaƙa sunansa a bangon ramin a 1911. In masani ya yi haka, me ake tsammani daga mai neman hoton tsoro da tsakar dare? In ɓera da sata, daddawa ma da wari: mu masu turawa da dannawa muna cikin cinikin.

Saura manomi, wanda kowa ke mantawa da shi. Shi ne ba zai iya yin gini inda yake so a gonar gadonsa ba saboda dokar kayan tarihi. Shi ake bar wa ƙofar shinge a buɗe shanu su fice. Shekaru da yawa, tuddan nan da duniya ke yabo, a wurinsa wahala ce kawai. A 'yan shekarun nan an fito da wani shiri a Rathcroghan, da tallafin gwamnati da Tarayyar Turai, inda ake biyan manoma don su kula da kufan da ke gonakinsu: a janye manyan shanu daga kan tudu lokacin da ƙasa ta jiƙe, a matsar da kwamin ruwa da wurin zuba abinci daga inda kofato ke cin ganuwa, a gyara wuraren da suka zaizaye. Wannan ya fi kowane biki amfani a ganina, kuma bai kamata ya zama abin wa'adi da za a yi shekara kaɗan a nannaɗe tabarma ba.

Rathcroghan na cikin wuraren sarautar da da Ayalan ke neman UNESCO ta saka a jerin kayan tarihin duniya. In hakan ta tabbata baƙi za su ninka. Kafin ranar, abu uku nake so a gani an daidaita. A ƙayyade yawan masu shiga ramin a yini, kuma da ɗan rakiya na gari. Kowane allo da kowace takardar talla da ta ɗauko labari ta faɗi daga bakin wa aka ji shi, ko daga wane kundi, kamar yadda aka sa yaran 1937 suka yi. Sannan a cikin kuɗin kowane tikiti a ware kason mai gonar da aka bi ta cikinta.